Ibro, Michael Caine da bakin da muke jin kunyarsa

1/ Jiya da dare ƙanena, ɗan baffana, ya zo wurina Aliero daga Maiyama. Ya nuna min sabon bidiyon barkwancin da zai ɗora a TikTok. Na kalla sau biyu, na ce masa: "Ƙane, wane ne wannan?" Fuskar tasa ce, amma bakin ba nasa ba ne. Zare ne, ku biyo ni a hankali.

2/ Yaron da a gida zai ce "mi kaka so?" ko "yat tahi kasuwa", da an kunna kyamara sai ya rikiɗe ya koma Bakano, har da lanƙwasar da bai iya ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce: "Yaya, in na yi da bakinmu, dariyar ƙauyanci za a yi mani, ba dariyar wasan ba."

3/ Maganar nan ta hana ni barci. Ra'ayina shi ne: ɗan wasa ba shi da jarin da ya wuce muryar da ya tashi da ita. Wanda ya jefar da ita don kunya, ya sayar da gona ne ya sayi taki. Bari in kafa hujja da mutum biyu, ɗaya namu, ɗaya na Ingila.

4/ Na farko marigayi Rabilu Musa, Ɗan Ibro. Mutumin yankin Wudil ne a jihar Kano, an haife shi a 1971. Kafin ya yi suna, ma'aikacin gidan yari ne na wasu shekaru. A ganina can ya yi karatun da ba a yi a aji: ya ga mutane iri-iri, ya ji yadda kowa ke magana idan duniya ta matse shi.

5/ Lokacin da jaruman Kannywood ke rawa da waƙa cikin furanni irin na Indiya, Ibro da 'yan camama suka ɗauki wata hanyar. Yau direba, gobe boka, jibi ɗan ƙauyen da ya shigo birni ya ruɗe. Bai goge bakinsa don ya yi kama da ɗan gayu ba. Yadda ake magana a tasha da bakin kasuwa, haka ya kawo ta.

6/ An raina su fa. Ana ganin camama aikin marasa aji ne. A 2008 ma kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure shi kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ya fito, ya ci gaba da sana'arsa.

7/ Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014. Yau je ka Jega, ka tsaya wurin masu tura finafinai a waya, ka ga ko an daina neman Ibro. Finafinan soyayya nawa na zamaninsa ne muka manta ko sunansu? Allah ya jiƙansa da rahama.

8/ Na biyu, Michael Caine. In sunan bai zo muku ba, shi ne dattijon nan Alfred mai kula da Batman a finafinan 2005 zuwa 2012. An haife shi a kudancin Landan a 1933, sunansa na yanka Maurice Micklewhite. Babansa ɗan dako ne a kasuwar kifi ta Billingsgate, mamarsa aikatau take yi.

9/ Bakinsa Cockney ne, wato Turancin talakawan Landan. A Ingila ta wancan lokaci, da ka buɗe baki an san gidan da ka fito, kuma mai irin wannan baki yawanci yaron gida ko ɗan sara-suka ake ba shi a fim, ba jarumi ba. Ba ku ji kamar labarinmu ba?

10/ Ga inda darasin yake. A fim ɗin Zulu na 1964 ya fito a hafsan soja ɗan manyan gida, ya yi Turancin masu sarauta tsaf. Wato ya iya. Amma a Alfie na 1966 ya fito jarumi da bakin unguwarsu, kuma da wannan murya duniya ta san shi. Ya ci Oscar sau biyu, ya yi ritaya a 2023 yana da shekara 90.

11/ Na san abin da wasu za su ce: "Malam, kasuwar fim Kano take, dole ka yi Hausar da kowa ke ji." Gaskiya ne, ban musa ba. Koyi Kananci, koyi daidaitacciyar Hausa, koyi Turanci ma. Ɗan wasa ai mai baki da yawa ne. Amma ƙara baki daban, binne naka daban.

12/ Kuma wa ya ce ba a jin mu? Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Hausar yamma suka yi waƙa, har gobe ana sauraronsu a Kano da Zariya ba tafinta. Gambu mai waƙar ɓarayi ɗan Fagada ne, nan ƙasar Maiyama. Bai canza baki ba kafin Arewa ta san shi.

13/ Ku ƙara da 'yan kallon da muke mantawa da su: Sakkwato, Zamfara, da 'yan uwanmu na Nijar, su Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Bakinsu ya fi kusa da namu. Wannan ba kasuwa ba ce?

14/ Sai dai zan faɗi gaskiya ko a kan gwanina. Camama ita ma ta taimaka wurin mayar da bakin wasu abin dariya: Bagwari, Bafillace, Basakkwace. Tsoron ƙanena ba daga sama ya faɗo ba. Sau da yawa in ka ji "wanga" ko "awo" a fim, to wawan labarin ne ya shigo.

15/ Maganin wannan ba gudu ba ne. Maganin shi ne mu rubuta labarin da likita zai ce "wanga", alƙali ya ce "wagga", saurayi ya yi zance da bakin Jega ba tare da an sa kiɗan ban dariya a ƙasa ba. Ba wanda zai rubuta mana shi daga Kano. Mu ne.

16/ Labarai kuwa ga su nan zube. Manomin albasa a Aliero da farashi ya karye masa bayan ya ci bashi. Masu ɗorin garin nan da ake kawo wa karaya daga nesa. Ɗalibar da ke hawa mota kullum daga Jega don kuɗin haya ya fi ƙarfin gidansu.

17/ Abin da na ce wa ƙanena ke nan: ajiye wayar kwana uku, je kasuwa ka zauna kusa da dillalan albasa, ka saurara. Abin da ya kamata ka ɗauka wurin Ibro kunnensa ne, ba yatsina fuska ba.

18/ Ya yi shiru, sannan ya ce: "To in an yi mani dariya hwa?" Na ce ai dariyar kake nema tun farko. Ya koma Maiyama da safe, bidiyon dai bai ɗora ba tukuna. Ina jira in ji da bakin wa zai dawo.