Wa Zai Ɗauki Hoton Ngaski Kafin Dattawa Su Ƙare?

A shekarar 1946 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya shiga kwale-kwale tare da abokansa biyu, suka biyo kogin Kwara tun daga sama har bakin teku, suka ratsa ta ƙasar Yawuri. Yana riƙe da 'yar tsohuwar kyamara, su kuma suna sayar da labaran tafiyar don samun guzuri. A yankin Ayoru ta ƙasar Nijar ya ɗauki Sarkawa suna farautar dorina. Da ya koma gida sai wani kamfani a Faransa ya sayi fim ɗin, ya yanyanka shi yadda ya ga dama, ya ɗora masa sharhi, ya raɗa masa suna ƙasar baƙaƙen bokaye. To, wannan shi ne makomar duk al'ummar da ta bar wa bare labarinta.

Amma shi Rouch ya ɗauki darasi. Da ya sake yin wani fim kan farautar dorina, sai ya kawo shi gaban masuntan suka kalla. Suka ce masa kiɗan da ya sa bai dace ba, domin kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin hali. Sai ya cire shi. Haka ya ci gaba da aiki da mutanen kogin har ya mutu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Abin tambaya shi ne, ina matasan Ngaski, Shanga da Yawuri? A 1968 madatsar ruwa ta Kainji ta cika, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa masu noman albasa, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga gidajensu. Yaron da ya ga wannan ƙaura da idonsa yau dattijo ne mai furfura. Duk wanda aka kai kushewa a cikinsu, ya tafi da sunayen ƙauyuka, gonaki da maƙabartun da ke ƙarƙashin ruwa.

Haka ma a watan Mayun 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara. 'Yan jarida sun zo, sun yi kwana biyu, sun koma. Wa ya zauna da marayu da zawarawan da aka bari?

Lallai wannan sana'a ba ta da albashi, kuma tana bukatar haƙuri. Amma wayar da ke aljihun saurayi a yau ta fi kyamarar Rouch sauƙin aiki. Abin da ya rage shi ne riƙon amana. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, ya kiyaye mutuncin mamaci da na mata, ya rubuta rana da wuri, kada ya ƙara gishiri don neman mai saye. Idan ya gama, ya fara nuna wa masu labarin kafin kowa, domin hoto shaida ne, kuma mai ba da shaida za a tambaye shi.

Allah ya sa masu kunne su ji.