Tukunyar Sabo

Jama'a, an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ban da tukunya. Yahudawan Bagadaza da suka yi ƙaura a 1951 sun tafi da amba, wato mahaɗin mangwaro mai tsami.

Haka namu. Tun da aka keɓe wa Hausawa Sabo ta Ibadan a 1916, fataken goro da shanu suke sauka, kowa da cimar garinsu: Kanawa da gurasa, mutanen Bauci da masa. Tsire kuwa har Yarabawa sun karɓe shi, suna ce masa suya.

To, iyayenmu mata, 'yar Sabo ta ƙware a tuƙin amala, amma ta kasa dama fura, laifin wa? A koya musu tun masu sani suna raye.