Tallan Kayan Sallah Alkawari Ne

Da zarar an shiga goman ƙarshe na watan Azumi, ko kuwa jinjirin watan Zulhajji ya tsaya, sai kasuwa ta buɗe. Tun daga Kantin Kwari na Kano har zuwa turakun raguna na bakin titi, kowane ƙaramin ɗan kasuwa yana neman hanyar jawo mai saye: wani ta rediyo, wani ta WhatsApp da Facebook, wani kuwa da shelar rangwame. Ba mu ga aibun wannan ba, domin Allah Ya halatta ciniki.

Abin da muke so mu tunatar shi ne, duk abin da mutum ya furta a cikin tallansa ya zama alkawari a wuyansa. Wanda ya ƙara wa shadda kuɗi cikin Sha'aban, sa'an nan ya mayar da ita farashinta na da, ya kira wannan rangwame, ya yi yaudara. Telan da ya karɓi ɗinki hamsin alhali ya san talatin zai iya gamawa, ya sayar da abin da ba ya da iko a kansa. Haka mai ɓoye gurguntar rago ko ciwonsa, alhali dabba mai bayyanannen aibi ba ta isar wa mai layya.

Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen. Ya kuma tabbata a hadisi cewa rantsuwa takan sayar da haja amma takan shafe albarka. Littafin Risala, wanda muka karanta a zaure, shi ma ya hana algus da ɓoye aibi.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya yi shela, ya ƙirga kayansa da kwanakinsa, ya faɗi farashi na gaskiya, ya nuna hoton ainihin abin da ke rumfarsa. Ma'aikata kuma kada zaƙin talla ya sa su ci bashin da ya fi albashinsu. Sallah kwana ɗaya ce, amma wanda aka cuta ba ya mantuwa, wanda aka yi wa gaskiya kuwa da ƙafarsa zai dawo baɗi.

Allah Ya sanya albarka a kasuwancinmu, amin.