Izina Daga Ɗakin Ɓeraye

Masana ilimin likitanci a ƙasashen Turai da Amurka suna kiwon wani irin ɓera wanda Allah ya halitta ba tare da cikakkiyar garkuwar jiki ba. An fara gano shi a wani asibitin Glasgow a shekarar 1962, tsirara ba gashi, sa'an nan a 1983 aka bayyana samun wani a Philadelphia wanda rauninsa ya fi na farko tsanani. Abin da masu kiwonsu suka koya shi ne, ƙwayar cutar hanji irin Helicobacter hepaticus, wadda ɓera mai lafiya yakan ɗauka ya yi ta harkarsa, idan ta shiga cikin waɗannan sai ta kumbura musu hanji, ta kawo zawo, ta bi keji bayan keji. Saboda haka ruwan da suke sha sai an kashe ƙwayoyin cikinsa, haka abincinsu da shimfiɗarsu, kuma mai taɓa su sai ya sa safar hannu.

Ba don in daidaita ɗan Adam mai daraja da dabba na kawo wannan ba, a'a, sai don izinar da ke cikinsa, domin a ƙauyukanmu na Makoda, daga Koguna har iyakar Dambatta, akwai yaran da tamowa ta cinye musu garkuwa, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba. A daidai wannan lokaci ne ruwan sama yake wanko bahayar da aka yi a bayan gari, ya gangara da ita kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi, gugan da ya kwana a ƙasa kuma ya koma ciki da abin da ya ɗebo. Babba ya sha, ya yi murɗar ciki ya miƙe. Yaron da aka yaye jiya ya sha daga randar nan ɗaya, kafin la'asar idonsa ya faɗa. A annobar amai da gudawa ta 2021 mutum fiye da 3,000 suka rasu a Nijeriya, jiharmu ta Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A nan nake roƙon malamanmu su yi wa jama'a wani bayani. Mun karanta a Ahalari da Risala cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ya halatta a yi tsarki da shi, sai mutane da yawa suka ɗauka wannan hukunci na ibada shaida ce a kan lafiyar shansa, alhali fukaha'u ba su nufi haka ba, kuma ƙwayar kwalara ba ta da launi balle wari. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma liman ɗaya da ya faɗi wannan ranar Juma'a zai isar da shi inda ma'aikacin lafiya bai kai ba.

Ƙaramar hukuma kuwa, wajibinta ne ta ɗaure bakin rijiyoyi da siminti, ta gyara famfunan burtsatsen da suka mutu kafin ruwa ya sauka, ta kuma ajiye garin gishiri da sukari da ƙwayar zinc a kowane ɗakin shan magani. Uwar da ɗanta ya rame, a gaya mata ta tafasa masa nasa ruwan daban, ta rufe, ko da itacen da za ta ƙona ya yi mata tsada.