Zumunta a Ƙafa Take, Annoba Ma Haka: Muhawarar Iyaye Kan Jami'a a Shekarar Korona

Gabatarwa

Shekarar 2020 ta zo wa ɗaliban jami'o'in Nijeriya da abin da ba su taɓa gani ba. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas. A ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare an rufe makarantu tun daga firamare har jami'a. A daidai wannan lokaci ne ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da ba ta janye ba sai ranar 23 ga Disamba. Saboda haka ɗimbin ɗalibai suka share kusan wata goma a gida, ba su sake ganin aji ba sai a farkon 2021.

A cikin wannan dogon zama ne iyaye suka riƙa tafka muhawara a kan tambayoyi uku. Shin ya dace yaro ya riƙa zirga-zirgar hutu da ziyarar dangi alhali annoba na yawo? Shin me ɗalibi ya yi asara da aka raba shi da rayuwar jami'a? Shin digirin da ake ta wannan wahala a kansa yana da sauran daraja kuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin da ta sanya kan korona a ranar 5 ga Mayu, 2023, amma tambayoyin suna nan, domin annoba ba ta yin sallama kafin ta shigo gari. Ra'ayin wannan maƙala shi ne tambayoyin nan uku amsa guda ke gare su: darajar karatun jami'a tana bayyana ne a irin hukuncin da mai shi zai iya yankewa idan rai na cikin haɗari, kuma maganar tafiyar hutu ita ce jarrabawa ta farko da annobar ta gabatar wa kowane gida.

Yadda cuta ke tafiya

Ƙwayar da ke haddasa korona, wadda masana ke kira SARS-CoV-2, nau'in bairos ce. Ƙanƙantarta ta kai a jera kusan guda 10,000 kafin a cika tsawon milimita ɗaya. Ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, kuma ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar jikin mai rai. Iyakar tafiyarta ita kaɗai 'yan mitoci ne a cikin iskar ɗaki. Duk wata doguwar tafiya da ta yi daga gari zuwa gari, a hanci da maƙogwaron matafiyi ta yi ta.

Abubuwa uku ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, cutar kan kwanta a jiki kafin ta bayyana. A nau'in da ya fara yaɗuwa a 2020, matsakaicin wannan lokaci kwana 5 ne, yakan kuma kai 14. Mai ɗauke da ita yana iya harba wa wasu kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji zazzaɓi, wasu ma har su warke ba su taɓa jin komai ba. Ke nan cewa “ai lafiyarsa ƙalau” ba hujja ba ce.

Na biyu, cutar ba ta yi wa kowa kisa iri ɗaya. Wani nazari da aka wallafa a ƙarshen 2020, wanda ya tattara alƙaluman ƙasashe masu ci gaba kafin zuwan allurar rigakafi, ya ƙiyasta cewa cikin masu shekara 25 da suka kamu, kimanin mutum 1 cikin 10,000 ne kan mutu, amma a masu shekara 75 adadin ya kusa 5 cikin 100. Bambancin ya ninka sau ɗaruruwa. Ɗalibin da ya taso daga tasha ya nufi gida kusan ba ya cikin haɗari. Kakarsa da zai durƙusa ya gaisar ita ce ke ciki.

Na uku, annoba ninki take yi. Idan mutum guda ya harba wa biyu, kowannensu ya harba wa biyu bayan kwana 5, to a zagaye na goma, wato cikin kwana 50, sababbin masu kamuwa za su kai 1,024. Ɗalibin sakandare zai iya tabbatar da wannan lissafi a bayan littafinsa cikin minti biyu.

Tarihi ya sha gaskata wannan bayani. Annobar murar 1918 ta shigo Nijeriya ta jirgin ruwa a Legas cikin watan Satumba, ta bi hanyar dogo da koguna da hanyoyin fatake har ta game ƙasa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000. A watannin Afrilu da Mayun 2020 kuwa, lokacin da gwamnatocin jihohin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu na asali, an gwada waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa daga Kano, aka sami gommai daga cikinsu ɗauke da cutar. Yaran ba su da laifin komai. An cusa su cikin motoci ne ba tare da an fara gwada su ba. A Kano ɗin ma, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa suna da alaƙa da korona, kuma akasarin mamatan dattawa ne.

Hujjar masu cewa a bar yaro ya dawo

Duk da haka, iyayen da suka dage cewa 'ya'yansu su dawo gida ba su yi wauta ba. Ɗakin kwanan ɗalibai da aka gina don mutum huɗu yakan ɗauki ninkin haka, ga ƙarancin ruwa, ga asibitin makaranta da ba zai iya ɗaukar majinyata masu yawa ba. Barin yaro a irin wannan wuri ba kariya ba ce. Bugu da ƙari, Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma hana ɗa gaida iyayensa ranar Sallah ba ƙaramin abu ba ne. An ga nauyin hakan a 2020: Ƙaramar Sallah ta zo a lokacin da aka haramta tafiya tsakanin jihohi, an soke hawan Sallah a Kano, kuma ba a bar maniyyata daga wajen Saudiyya sun je aikin Hajji ba.

Inda muhawarar ta kauce hanya shi ne da aka mayar da ita zaɓi biyu kacal, ko a zo ko kada a zo. Ilmin halittu ya nuna akwai tambaya ta uku da ta fi su amfani, wato ta yaya za a zo. Ƙasar Ingila, inda iyaye da yawa daga Nijeriya ke da 'ya'ya a jami'o'i, ta gwada amsa wannan tambaya. Gwamnatinta ta keɓe ranakun 3 zuwa 9 ga Disamba, 2020, domin ɗalibai su koma gida hutun Kirsimeti, nan da nan bayan kullen mako huɗu, kuma aka yi musu gwaji kafin su tashi. Hikimar ita ce duk wanda aka samu da cutar yana da sauran kwanakin killace kansa kafin ranar da dangi za su taru. Lissafin kwanakin kwanciyar cuta ne kawai aka mayar da shi jadawalin tafiya.

Gidan Bahaushe yana iya yin irin wannan ba tare da kashe kuɗi ba. Ɗalibi ya rage cuɗanya mako guda kafin tafiya, ya sa takunkumi a mota, a bar tagogi a buɗe. In ya iso, ya kwana a shago ko wani ɗaki shi kaɗai har mako guda, ya riƙa gaida tsofaffi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ba cikin ƙuryar ɗaki ba. A kuma tuna cewa gwajin da aka yi ranar Litinin ba ya cewa komai game da cutar da aka ɗauka a tasha ranar Talata. Da haka an sada zumunci, an kuma tsare rai.

Darajar digiri

Kukan iyaye kan ɓata lokaci kuka ne na gaskiya. Karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida, musamman da wani yajin aikin na wata takwas ya biyo baya a 2022. Wanda ya kammala digiri yana da fiye da shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma tallace-tallacen aiki da yawa kan ƙayyade shekarun mai nema. Karatu ta intanet da wasu jami'o'i masu zaman kansu suka koma yi ya ci karo da rashin wutar lantarki da tsadar data. A Ingila ma iyaye sun yi ta tambayar dalilin biyan fam 9,250 a shekara alhali yaro na sauraron lacca ta kwamfuta a ɗakinsa.

A nan ne amsar tambaya ta biyu ta fito. Akwai ilmin da ba ya bin waya. Ɗalibin ilmin halittu ba zai ƙware a daidaita madubin hangen ƙananan halittu ba sai ya murɗa shi da hannunsa, ya ɓata samfuri sau goma, malami ya tsaya a kansa ya gyara masa. Haka kuma a jami'a ne yaron da ya taso a Daura yake kwana ɗaki guda da na Inugu, ya ji an musanta maganarsa, ya koyi kare ta da hujja ko kuma sakin ta. Wannan shi ne abin da rufe jami'o'i ya tauye, kuma ya fi watannin da aka ƙirga tsada.

Sai dai daga nan wasu iyaye suka tsallaka zuwa cewa digiri ya zama aikin banza, gara yaro ya shiga kasuwa. Koyon sana'a abu ne mai kyau, kuma ɗaliban da suka koyi ɗinki ko gyaran waya ko noma a wancan zama sun ci riba. Amma annobar kanta ta ƙaryata masu raina digiri. A farkon Maris na 2020, cibiyar bincike da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, Jihar Osun, tare da wasu cibiyoyin ƙasar nan, ta fitar da cikakken jerin bayanan gadon ƙwayar korona, karo na farko a nahiyar Afirka. Allurar rigakafin da ta fara isowa Nijeriya ranar 2 ga Maris, 2021, a Jami'ar Oksifod aka ƙirƙiro ta. Alluran Pfizer da Moderna kuwa sun dogara ne a kan binciken da Katalin Kariko da Drew Weissman suka wallafa tun 2005 a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2023. Shekara goma sha biyar binciken ya yi ba a san amfaninsa a kasuwa ba.

Akan ba da labarin Isaac Newton, wanda annoba ta rufe jami'arsu ta Kembirij a 1665, ya koma ƙauyensu ya aza tubalin nazarinsa kan haske da lissafi da ƙarfin jan ƙasa. Abin da akan manta shi ne ya riga ya karɓi digirinsa na farko a wannan shekarar. Da guzurin jami'a ya koma ƙauye.

Ba kowane ɗalibi ne zai zama Newton ba, amma kowane gida ya buƙaci mai tace labari a 2020. An yi ta yaɗa cewa cutar ba ta jure zafin rana, alhali a watan Afrilu, tsakiyar bazara, aka fi binne dattawa a Kano. An yi ta yaɗa cewa kulorokwin na maganinta, har hukumomin lafiya na Legas suka sanar a watan Maris cewa an kwantar da waɗanda suka sha shi fiye da kima. Ɗalibin da ya iya tambayar wa ya faɗa, da wace hujja, mutum nawa aka gwada, sannan ya bayyana wa mahaifinsa cikin ladabi dalilin da zai sa ya yi mako guda bai shiga ɗakin kaka ba, ya nuna amfanin kuɗin makarantarsa tun kafin a miƙa masa takarda. Wanda kuwa ya kai aji uku a jami'a amma yana cikin masu yaɗa jita-jita, to iyayensa na da dalilin tambayar abin da ya koyo.

Kammalawa

Korona ta lafa, amma sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lassa ba su tafi ko'ina ba, kuma mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023. Saboda haka wajibi ne kowace jami'a ta tanadi tsarin sallamar ɗalibai rukuni-rukuni a lokacin annoba, maimakon a kwashe su rana guda a zuba a tashoshi, ta kuma ba ayyukan ɗakin gwaje-gwaje fifiko idan an dawo. Iyaye su riƙa duba katin rigakafin yaro kafin ya tafi makaranta, kamar yadda suke duba rasit ɗin kuɗin rajista. Malaman sakandare su fitar da darasin yaɗuwar cututtuka daga kangin hadda, su sa ɗalibai su lissafa ninkin nan da kansu, su kuma tsara jadawalin komawa gida hutu kamar da gaske. Ɗaliban sakandare masu burin shiga jami'a kuwa su sani cewa ranar da wata annobar ta ɓulla, su ne mutanen gidansu za su juyo su tambaya, kuma amsar da suka bayar tana iya zama sanadin tsira ko rasa wani tsoho a gidan.