Ƙyauren Da Ya Ƙi Rufuwa

Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai a tsakiyar damina zai ji ƙarar ƙafa tana dukan ƙyaure. Ƙofa ta cije, mai ɗaki yana sauri zuwa lacca, sai ya shure ta har ta shiga. In hunturu ya kama kuwa, ƙyauren nan da ya ƙi shiga shi ne zai riƙa buɗe kansa da tsakar dare, domin sakata ba ta kai raminta. Mu da ake kira manyan gobe mun shekara a cikin wannan hali, iyakar ƙoƙarinmu kuwa takardar koke ce, sa'an nan mu tokare ƙofar da kujera mu kwanta.

Abin ba na dariya ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta irin wannan ƙofa kwamfuta da waya ke yin ƙafa, ta nan sauro ke shigowa, kuma 'yan'uwanmu mata da ke kwana bayan ƙyauren da ba ya kulluwa su suka fi kowa sanin nauyin maganar.

Ya kamata mu fara da sanin dalili. Katako yana shan laima kamar yadda yake fitar da ita. Galibin wanda ake yi mana ƙofofi da shi, irin su afara da iroko, daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, wajen Sapele da Benin, inda iska ke da danshi kusan duk shekara, sau da yawa kuma ba a bari ya bushe sosai kafin kafinta ya sa masa zarto. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Kumburin ta faɗi ya fi yi, shi ya sa gefen makulli ke fara cijewa. Dalili na biyu kuwa da hannunmu a ciki: hinjin sama shi ke shan jan nauyin ƙyaure, mu kuma muna rataya masa jiƙaƙƙen tawul da jaka, muna shure shi safe da yamma, har ramukan sukurori su buɗe, ƙyauren ya sunkuya yana jan ƙasa.

Gyaran bai kai wahalar jarrabawa guda ba. A kama ƙyauren ta wajen mariƙi a ɗaga shi. In ya motsa, laifin hinji ne. A ɗaure sukurorin. Wanda yake juyawa bai kama ba, a cire shi, a cusa tsinken ashana da ɗan gam a ramin, a mai da shi, ko a sa wanda ya fi shi tsawo. In hinji lafiya yake, a shafa alli a gefen ƙyauren a rufe a buɗe, inda allin ya goge nan yake cijewa, sai a bi wurin da samfefa. A nan ne masu garaje ke yin ɓarna, su sassaƙe da yawa a watan Agusta, Janairu na zuwa a sami giɓin da yatsa zai shige. Kaɗan ake ragewa, kana a shafa fenti a wurin, da kuma sama da ƙasan ƙyauren, inda masu fenti suka saba tsallakewa, alhali ta nan laima ta fi shiga.

Za a ce mana ai mun biya kuɗin ɗaki, gyara haƙƙin hukuma ne. Gaskiya ne, ba mu kuma yafe ba. Inda gara ta cinye katako ko gini ya tsage har ƙofa ta karkace, wannan ya fi ƙarfin ɗalibi, lalle ƙungiyarmu ta bi shi har a yi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai girman kai a cikin zamanmu muna jiran sukuru uku. Kakanninmu kowace shekara sukan yi yaɓe kafin ruwan fari, su gyara tufaniya da hannunsu. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya shigar da aikin katako da ƙarfe ƙaramar sakandare domin kada ɗan boko ya tashi hannunsa bai san komai ba sai alƙalami. Ga mu nan, wani yana shekarar ƙarshe a fannin injiniya, in ya je hutu ya tarar an tokare ƙofar ɗakin mahaifiyarsa da turmi, sai ya tsallake ya shiga ya gaishe ta.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce, a cikin kuɗin da ake karɓa hannunmu kowace shekara a sayi sukundireba da guduma da samfefa da gam da kwalin sukurori, a ajiye wa kowane ɓangaren kwana nasa a hannun wakilinsa, mai aro ya sa hannu a littafi. A kuma keɓe Asabar guda a watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, a gayyato kafinta ɗaya a biya shi ladansa, ya bi mu ɗaki ɗaki yana nuna mana, sukundireba kuwa a hannunmu.