Starlink Ba Ta Ceton Wanda Jirginsa Ya Nutse



Akwai wata magana da ke yawo a YouTube da TikTok wadda ya kamata a taka mata birki. Za ka ga Bature da matarsa a cikin ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, suna tsakiyar tekun Atlantika, ba gaba ba baya sai ruwa, amma suna kallon ƙwallo, suna kiran gida ta bidiyo. Sai su nuna farantin Starlink da ke maƙale a bayan jirgin, su ce ai yanzu tsoron teku ya ƙare. Mu ma nan, tun da Starlink ta shigo Nijeriya a Janairun 2023, wasu sun ɗauki wannan karatu suna biyawa, wai duk inda kake a duniya, in dai kana da farantin nan, ka tsira.

Wannan magana ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da take kashe mutum.

Ban musa cewa abin yana aiki ba. Sabis ɗin wayar salula yana yankewa da zarar ka yi nisa kaɗan da gaɓa, daga nan sai tauraron ɗan'adam. Taurarin Starlink suna shawagi ne a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, shi ya sa intanet ɗinsu ke gudu. Matuƙi yana samun hasashen yanayi a kan lokaci, ya kauce wa guguwa, ya ji muryar iyalinsa. Duk wannan alheri ne. Amma farantin nan wuta yake ci ba ƙaƙƙautawa, babbansa yakan sha watt 50 zuwa 100, daga baturan da ke can ƙasa cikin jirgin. To, idan jirgi ya fashe, ina ruwa ke fara shiga? Nan inda baturan suke. Wato a daidai lokacin da ka fi bukatarsa, a nan yake mutuwa.

A ranar 30 ga Nuwamban 2020, ana cikin gasar Vendée Globe, wadda mutum ɗaya ke zagaya duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ba, jirgin Bafaranshe Kevin Escoffier ya karye gida biyu a kudu maso yammacin Cape Town. Jirgi ne na zamani, cike da na'urorin sadarwa. Masu kare intanet za su yi sauri su ce, ai ta hanyarsa ya aika saƙon neman agaji. Gaskiya ne, saƙo ɗaya gajere ya samu ya tura. Cikin 'yan mintuna ruwa ya cinye komai, ya faɗa ƙaramin kwale-kwalen roba na ceto. Ya shafe fiye da awa 11 a ciki, cikin duhu da manyan igiyoyin ruwa, kafin abokin gasarsa Jean Le Cam ya tsamo shi. A tsawon awannin nan babu intanet ko na sisi. Ƙaramar na'urar neman agaji da ya fita da ita ce take sanar da masu nema yankin da ruwa ya kai shi.

Wannan na'ura ana kiranta EPIRB. Girmanta bai wuce filas ɗin shayi ba, ba ta kiran kowa, ba ta nuna bidiyo, ba ta da kuɗin wata. Aikinta ɗaya ne: in an kunna ta, ko ta ji ta a ruwa, sai ta dinga jefa sigina a kan mita 406 MHz zuwa taurarin Cospas-Sarsat, da baturin kanta da aka yi shi ya kai aƙalla awa 48. Tsarin nan Amurka, Tarayyar Sobiyet, Kanada da Faransa suka haɗu suka kafa shi ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ya fara ceton rai a 1982. Sigina tana sauka ne kai tsaye a cibiyoyin ceto na gwamnatoci, inda akwai mutum zaune dare da rana. Saƙonka na WhatsApp kuwa yana iya samun ƙaninka yana barci.

Haka ya faru da Abhilash Tomy, hafsan sojan ruwan Indiya, a Satumban 2018. Guguwa ta karya ginshiƙin jirginsa a kudancin tekun Indiya, ya ji mummunan rauni a baya, ko tashi ba ya iya yi. Da 'yar na'urar tura rubutu ta hannu mai baturin kanta ya yi ta magana da masu gasar, har kwana uku, kafin jirgin Faransa mai suna Osiris ya iso. A Nuwamban 2022 ma jirgin Tapio Lehtinen ɗan Finland ya nutse cikin mintuna, washegari Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta ɗauke shi daga kwale-kwalen ceto. Su biyun a gasar Golden Globe suke, inda aka hana kayan tuƙi na zamani amma aka wajabta kayan neman agaji. Masu gasar sun san bambancin abin jin daɗi da abin ceto.

Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ita ma ta sani. A tsarinta na neman agaji, GMDSS, akwai Inmarsat, akwai Iridium mai taurari 66 da suka lulluɓe duniya har ƙarshen kudu da arewa. Starlink ba ta ciki. Kamfani ne na kasuwa, yana sauya farashi da sharuɗɗa yadda ya ga dama, in kuɗinka ya ƙare ko tsarin da ka saya bai haɗa da tsakiyar teku ba, kai da shi sai kallo.

Abin da ya fi ba ni haushi da masu bidiyon nan shi ne wanda suke ruɗa. Tsohon matuƙi ba ya ruɗuwa, yana da faranti, yana da EPIRB, yana da wayar Iridium cikin jakar da zai fizga in ta ɓaci. Sabon shiga ne mai ƙaramin aljihu zai tsaya ya zaɓi ɗaya, kuma wadda ya gani a bidiyo zai saya. Ba wanda ke ɗaukar bidiyon EPIRB, don tana iya shekara biyar a rataye a bango ba ta yi ko tari ba.